KAFIN A ƊORA BUHU, A DUBA DANJA

  

Kun saba buɗe wannan takarda domin ku ga yadda masara da dawa da gero da wake suka kwana. To yau ina roƙon ku ɗan yi haƙuri da ni, zan yi magana a kan wani abu da ba ya cikin jerin farashi, watau ƙananan fitilun manyan motocin da muke ɗauka haya: farare biyu na gaba, da jajaye na baya waɗanda muke kira danja, da na gefen bodi, da wadda ke haska lamba. Su ne direbobi ke ce wa fitilar fakin. Ra'ayina a kansu shi ne, duk wanda zai aika hatsi Sharada ko Challawa ko Bompai, kada ya yarda a ɗora masa ko buhu ɗaya sai an kunna su a gabansa ya zaga ya gani da idonsa. In kuwa ba su kama ba, a kira mai wayarin ya bi laifin har ya same shi, kada a yi irin gyaran nan na a-tafi-da-haka.

Dalilin da ya sa na ambaci waɗannan wurare uku, kowa ya san yadda aikin yake. Ana fara lodi a Dawanau da hantsi, kafin a gama awo da ɗinki da ɗaurin tamfol la'asar ta yi. Mota ta shigo gari ta sha cunkoso, ta isa ƙofar kamfani an riga an rufe sikeli. Sai kwana a waje, a layi, wani lokaci kwana biyu ko uku ana jiran a auna a gwada danshi. Bompai ita ce tsohuwa, tun kafin samun mulkin kai aka fara kafa masana'antu a cikinta, can ne kuma kamfanin fulawa na Arewa yake a kan titin Maimalari. Sharada ta biyo baya a shekarun 1970, sa'an nan Challawa ta wajen Panshekara. Lokacin da aka yanka su daji ne kusan duk kewayensu. Yanzu gari ya haɗiye su. Titin da mota mai tan 30 za ta kwana a gefensa, shi ne titin da ma'aikatan dare ke bi a kan kekuna da babura, shi ne masu adaidaita sahu ke bi da mata da yara. Ga shi ba kullum fitilun titi ke ci ba. In hazo ya sauko a cikin hunturu, bayan motar da ƙura ta rufe ba ya da bambanci da duhun dare, sai mutum ya zo dab da shi. Bodin kuwa tsayinsa daidai fuskar mai babur yake. Ba sai na ƙara bayani ba.

Motocin nan kuma tsofaffi ne. A 1980 aka buɗe masana'antar haɗa Mercedes a Inugu, a wannan tsakanin ne kuma aka yi ta fito da Steyr daga Bauchi, da Leyland daga Badun, da Fiat daga nan Kano a kan hanyar Zariya. Har yau za ka ga 911 mai bodin katako tana ɗaukar kaya, ta haura shekara 40 tana aiki. Su DAF da sauran tirelolin da suka zo daga baya, yawancinsu sai da suka gama aikinsu a Turai kana aka kawo mana. Inji ana sauke shi a gyara, taya ana sakewa, amma waya tana nan tun ta farko, robarta ta bushe ta tsage, an yanka an ƙulla, wannan ya ƙara nasa wancan ya ƙara nasa. Ba aibi ba ne mota ta tsufa, mu ma mun tsufa. Abin da nake ƙi shi ne a ce wai tunda tsohuwa ce ba a iya gano laifinta.

Ana iyawa, kuma ba wani ilmi mai zurfi ba ne. Ni ba mai wayarin ba ne, amma wanda ya shekara talatin yana tsayuwa a kan lodi ya ga ana yi har ya gane kan abin. Wuta tana fitowa daga batir ta je makunni, daga makunni ta bi ta fis, daga fis ta bi waya har ƙwan fitila. Daga nan tilas ne ta koma batir, kuma ba a ja mata wata doguwar waya ta komawa, jikin ƙarfen motar ne hanyarta, watau shasi. Wuri biyar ke nan: makunni, fis, waya, ƙwai, da inda fitila ta kama ƙarfe. Laifin ba ya wuce ɗayansu. Kayan aikin kuma ƙwai ɗaya ne mai kyau da guntayen waya biyu. A ɗaura ɗaya a ƙarfe mai tsabta, a riƙa taɓa wurare da ɗayan. Inda ƙwan ya kama akwai wuta, inda bai kama ba babu. Tsakanin wurin da ya kama na ƙarshe da wurin da ya ƙi na farko, nan ɓarnar take.

Tun kafin a taɓa komai ma, motar da kanta tana faɗin ciwonta ga mai lura. In fitila ɗaya ce kawai ta mutu, a fara da ƙwanta da mazauninsa. In gefe guda ne ya mutu gaba da baya, ɗayan gefen yana ci, to fis ne mafi yawa, domin motocin Turai sukan raba hagu da dama kowane da fis nasa, don in ɗaya ya ƙone kada mota ta zauna a duhu gaba ɗaya. In duka suka mutu amma manyan fitilun gaba suna ci, a duba makunni da wayar da ke shiga cikinsa. In kan mota yana ci, tirela ce ba ta ci, a je ga igiyar nan mai baki bakwai da ke haɗa su, nan ne ruwa da ƙasa ke taruwa. A motoci da yawa kuma hasken agogunan gaban direba hanyarsu ɗaya da danja. Direban da ya ga agogunansa sun yi duhu da dare ya kamata gabansa ya faɗi, ya tsaya ya tura yaron mota ya duba baya.

A kan ƙwai akwai abu biyu da suke yawan faruwa. Manyan motoci da yawa wutarsu 24 ce, batir biyu a jere, ƙananan motoci kuwa 12. Ƙwan 12 in aka sa shi a motar 24 zai yi haske ƙwal ya ƙone nan take ko bayan ɗan lokaci, a ce ƙwan jabu ne, a sake sa irinsa. Na 24 a motar 12 kuwa sai ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Lambar tana rubuce a gindin ƙwan, a karanta. Na biyu, wani mazaunin na ƙwai mai zare biyu ne, ɗaya wat 5 na fakin, ɗaya wat 21 na birki, gindinsa da ɗigo biyu. In aka danna masa ƙwai mai ɗigo ɗaya da ƙarfi, sai ya haɗe hanyoyin biyu, ka taka birki fitilun gaba su kama, ka kunna fakin danjar birki ta tsaya ba ta mutuwa. Wanda ke binka a baya bai san sa'ad da ka tsaya ba.

Amma inda na fi so a tsaya shi ne hanyar komawar wuta, domin ita ce ke ruɗa mutane har su fara cewa motar tana da iska. Alamarta sananniya ce: ka sa sigina sai danja ta riƙa ƙyaftawa tare da ita, ko ka taka birki fitilar fakin ta dushe, ko haske ya zo ya tafi in mota ta shiga rami. Abin da ke faruwa shi ne wutar ta rasa hanyarta ta ƙarfe, sai ta ratsa ta cikin wani ƙwan ta nemi mafita. Tsatsa ce ke jawo haka. Ƙurar rani ta shiga bayan fitila, ruwan damina ya jiƙa ta, ta zama laka mai cin ƙarfe. Motocin da ke yawan shiga Challawa da Sharada sun fi shan wannan, saboda masana'antun jima da ke can aikinsu da gishiri ne da magunguna, in lambatu ya cika ya malalo titi taya ta watsa shi ƙarƙashin bodi. Maganin a kwance notin, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa giris. Sa'an nan ga maganar bodin katako. Katako ba ya ɗaukar wuta. Kafinta ya gama sabon bodi mai kyau, an yi zane an rubuta addu'a a baya, sai a kafa danja a jikin katakon da ƙusa a ja mata waya ɗaya rak, a yi ta mamakin me ya hana ta ci. Kowace fitilar da ke kan katako tana bukatar wayarta ta biyu da za ta tafi har shasi.

Ita waya kuwa, mu masu hatsi muna da hannu a lalacewarta. Inda tsaba ta zube nan ɓera yake, kuma motar da ta kwana uku a layi da masara a kanta gida ce gare shi. Yana shiga ƙarƙashin kujera da bayan agoguna ya ci robar waya. 'Yan dako su ja igiyar tamfol ta kan waya su tsinke ta. Wata kuma tana gogar bakin ƙarfe shekara da shekaru har ta fito tsirara. Masu wayarin da suka koyi aiki a kan motocin Jamus sun san cewa a can waya mai ruwan ƙasa ita ce ta komawa, lambarta 31, mai ruwan toka ita ce ta fakin, lambarta 58. Amma kada a dogara da launi a motar da hannu goma ya taɓa. Ko a igiyar tirela mai baki bakwai ta motocin 24 ma, fara ce ta komawa, baƙa ce danjar hagu, mai ruwan ƙasa kuwa danjar dama ce. Wanda ya ɗauke ta ta komawa ya ɗaure ta a ƙarfe, ya haɗa wuta da kansa.

To ga babbar maganar, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Fis ya ƙone. An sa wani ya sake ƙonewa. Me ake yi? Sai a ciro takardar azurfar nan ta cikin kwalin taba a naɗe shi da ita, ko a murɗa zaren waya, ko ma a cusa ƙusa. Fitila ta kama, kowa ya ce madalla, a tafi. Jama'a, wannan ba gyara ba ne. Fis mai gadi ne, an yi shi siriri da gangan domin ya mutu a madadin waya. In ya ƙone sau biyu, yana gaya maka cewa akwai inda waya tsirara ke taɓa ƙarfe. Ka cire mai gadin ba ka kori ɓarawon ba. Yanzu duk sa'ad da wayar ta taɓa, ita ce za ta yi zafi tun daga gaba har baya, ta bi ƙarƙashin katako busasshe, kusa da tankin mai, ƙarƙashin buhunan leda da tamfol. Kuma ku lura, fitilar fakin ba ta bi ta makulli, an yi ta ne don ta ci ko inji a kashe. Watau wutar na iya tashi da tsakar dare, makulli yana aljihun direba, shi kuwa yana barci a kan tabarma a ƙarƙashin motar. Tirela ɗaya buhu 300 ne na kilo 100. Ku duba farashin masara a shafin da ke gaban wannan ku yi lissafin da kanku.

Sa fis mai babbar lamba ma ƙanen wannan ne. Tsofaffin Mercedes suna da fis irin na tangaran mai tsini biyu, fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25. Na zamani masu ƙafa biyu kuwa ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Wurin da aka yi wa 8 ba a sa masa 25. Wani lokaci ma irin na tangaran ɗin lafiyarsa ƙalau, tsininsa ne ya yi datti, a juya shi a mazauninsa a goge sai ya kama.

Hanyar gano inda waya ke taɓa ƙarfe ba tare da an ƙona fis goma ba, na ga wani dattijon mai wayarin yana yi a wajen Ƙofar Ruwa, kuma ta burge ni. Ya cire fis, ya haɗa ƙwai mai wat 21 a madadinsa, ya kunna. Muddin wayar tana taɓawa, ƙwan nan zai yi haske sosai, kuma shi zai shanye wutar, babu abin da zai ƙone. Sai ya sa yaronsa ya riƙa cire fitilu ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza waya taku-taku daga gaba zuwa baya. Da aka zo kan wurin sai hasken ya dushe. Aka duba, ga waya ta shige tsakanin bodi da shasi ta baje. Duka aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Ya yanke ya sa sabuwa, ya zura ta cikin guntun tiyo, ya ɗaure ta nesa da bakin ƙarfen.

Na san abin da direbobi za su ce, sun sha gaya mini. Alhaji, in na bar fitila har asuba batir zai sauka, wa zai tura mini mota da tan 30? To mu yi lissafi kamar yadda muke yi a kasuwa. Ƙwan fakin wat 5 ne. A ce mota tana da goma, wat 50 ke nan. A wutar 24 wannan amfiya 2 ne da ɗan kai. Awa goma, daga bayan isha'i zuwa fitowar rana, ya ci 20 da 'yan kai. Batirin da aka rubuta wa 120 a jikinsa, abin da aka taɓa kamar kashi ɗaya ne cikin shida. Lafiyayyen batir ba zai ƙi tashi don wannan ba. In ya ƙi, dama ya mutu, ko motar ba ta caji, wannan kuwa wata matsala ce da za ta tsayar da kayanka a dajin da ba kowa. Ga kuma ƙananan fitilun LED da suka cika kasuwa yanzu, cinsu bai kai rabin wannan ba, sai dai a tabbata na 24 ne, kuma in an juya musu waya ba sa kamawa. Na yarda in layi ya kai kwana uku sai an riƙa tayar da inji yana caji, man kuwa kuɗi ne. Wannan a sa shi cikin ciniki tun farko, mai kaya ya ɗauki rabonsa.

Suna kuma cewa ai mun sa ganye a titi. Ganye da rana yake aiki. Da dare a cikin hazo, mai babur zai taka ganyen kana ya san da shi. Alamar nan mai kusurwa uku da jan tef mai ƙyalli suna da amfani ƙwarai, a sa su, amma sai hasken wani ya faɗa kansu suke nunawa, kuma kekuna nawa ne a Sharada suke da fitila?

Wani ɗan'uwa zai ce mini, Malam, mota ba tawa ba ce, ni haya na biya, in wani abu ya faru mai mota ne zai ɗauka. Ta wajen shari'a yana da ƙafar tsayuwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ɗan dako amintacce ne a kan yawancin kaya, amma malamai sun ware abinci, suka ce wanda aka ba hayar ɗaukar abinci yana lamunce shi in ya salwanta, sai in ya kawo shaida cewa ba da sakacinsa ba ne, ko kuwa mai kayan yana tare da shi. To na ji. Amma ku gaya mini, mai 911 guda ɗaya, wadda ita ce gonarsa ita ce shagonsa, in ta ƙone da kayanka me zai biya ka da shi? Za a je gaban shugabannin kasuwa, a yi ta zama, a ƙarshe a ce ka yi haƙuri ƙaddara ce. In kuma rai aka rasa, mota da kaya duka za su tafi ofishin 'yan sanda su zauna, hatsi yana shan rana da raɓa, kamfani ya ba wani odar. Wannan duk lissafin duniya ne. Wanda ya ga danja a mace da idonsa, ya ce a ɗora a tafi sauri nake yi, ban san amsar da zai bayar ba in an tambaye shi jinin yaron mutane.

Hukuma tana nan. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, ga KAROTA tun 2012, ga masu duba lafiyar motoci. Amma su da rana suka fi tsayawa, kuma abin da suke iyawa shi ne tara bayan an riga an ɗora kaya, tarar kuwa a kan wa take komawa in ba mai kaya ba? Su ma masu kamfanoni, da za su buɗe fili a ciki motoci su riƙa kwana, ko su sa fitila a jikin katangarsu inda layi ke tsayawa, da sun kyauta, tunda hatsin nan saboda su aka kawo shi. Ina fata ƙungiyoyin kasuwa za su kai musu wannan magana. Sai dai ba za mu zauna jiransu ba.

Ku dillalai da 'yan kamasho, ku ne kuke haɗa mai kaya da mota, kuma kuna karɓar la'adarku. Kamar yadda kuke duba taya da tamfol, ku ƙara wannan. Direba ya kunna fakin ba tare da ya tayar da inji ba, a zaga gaba da baya da gefe. Ya taka birki, ya sa sigina hagu da dama, a ga ko wata fitilar tana rawa tare da wata. A buɗe akwatin fis a leƙa, in an ga takardar azurfa ko ƙusa, motar nan ba ta ɗaukar kaya yau sai mai wayarin ya zo. A goge murfin danja da tsumma, don sau da yawa tana ci, ƙura ce ta binne ta. Kuma kowane direba ya tashi da ƙwai huɗu da fis huɗu masu lambar motarsa a cikin gwangwani. In ya ce ba shi da kuɗinsu, mai kaya ya saya masa a cire a kuɗin haya ranar sauke kaya.